Busa ta Biyu a Barikin Tudu

Woolwich, London
12 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna Damata. Yaya damina a wajenku? Mu nan sanyi ya fara leƙowa.

Na san za ka yi ta juya ambulan ɗin nan kana neman wace ce. Ni ce Murja, 'yar Baba Lawal, ɗan baffan marigayi mahaifinka Mashud. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, a bikin 'yar uwarmu Safura a Zariya, ina 'yar makaranta, kai kuma kana ta faɗa da masu rabon abinci. A wajen Safurar na samo adireshin makarantar da kake hedimasta.

Ni nas ce a wani asibiti a nan. Bara, bayan rasuwar Umma, na ɗauko Baba daga Kaduna, don babu mai duba shi. Ciwon mantuwa ya kama shi. Jikinsa garau, yana cin tuwonsa, bai bar salla ba, ko da yake wani lokaci sai ya yi la'asar sau biyu. Wata rana ya gane ni, wata rana ya ce mini baiwar Allah. Duk wannan na iya da shi.

Ga abin da ya gagare ni. Kowace Talata da hantsi akwai wata jiniya da ke kuka a unguwarmu, ban ma san daga ina ba. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake yin sama. Mutanen nan ko kai ba sa ɗagawa. Baba kuwa, tana farawa sai ya zabura. Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga kitchen ya ɗauki babban kwanon da nake kwaɓa fulawa, ya nufi ƙofa. Mutumin da sai na lallaɓa yake tashi daga kujera! Auntie Abibatu, maƙwabciyata 'yar Kumasi, ita ke zama da shi in ina aiki. Ta ce mini, "Murja, tsohon nan ya fi ni ƙarfi. In abin nan ya yi kuka, ba shi ji, ba shi gani." Sau biyu yana ture ta ya fita titi. In an dawo da shi, ranar ba ya cin abinci, ba ya cire takalmi, yana zaune a bakin gado da kwanon a cinyarsa.

Na tambaye shi, ya dube ni kamar ni ce mai ciwon. Na san kafin a haife ni ya yi aikin haƙar kuza a can Barikin Tudu, amma bai taɓa ba mu labarin wurin ba, ko sunan garin ba ya son ji. Kai a can ka tashi. Don Allah, mene ne jiniya take nufi a wajenku? Ina tsoron ranar da zai fita a rasa shi, kuma wallahi ban san iya inda zan iya riƙe shi a haka ba.

Ka gaishe mini da Inna Damata, ko da ba ta san ni ba.

Ƙanwarka,
Murja


Barikin Tudu
20 ga Oktoba, 1988

Murja,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso bayan ta gama hutawa a gidan waya. Muna lafiya. Inna tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Na tuna ki, kuma masu rabon abincin nan su ne da laifi.

Kin yi tambaya, zan ba ki amsa. Lokacin kamfanin kuza, jiniyar garin nan tana kan wani dogon ƙarfe a bayan ofis. Busa gajeriya ta shiga aiki ce da tashi. Wadda take sama tana ƙasa kuwa, abu ɗaya take faɗa: rami ya rufta da mutane. In ta yi, babu mai tambaya. Mahauci ya bar nama, tela ya bar keke, liman da fasto duk su fito, kowa da kwano ko shebur, a tafi kwasar ƙasa. Abin da Baffa Lawal yake yi ke nan. Yana tafiya haƙa.

Tunda kin buɗe maganar, bari in ƙarasa miki ita. Busar da aka yi ta ƙarshe irin wannan a garin nan, a kan mahaifina aka yi ta, ban cika shekara uku ba. An fito da sauran, shi ba a same shi ba. Yana ƙarƙashin kududdufin da yara suke wanka a ciki yanzu. Shi da Baffa Lawal a akushi ɗaya suke ci, tare suka zo garin nan daga gida. Amma Baffa Lawal bai tako ƙofarmu ya ce wa Inna Allah ya ji ƙansa ba. Ba ran uku ba, ba ran bakwai ba, ba ran arba'in ba. Ya tattara nasa ya nasa ya yi Kaduna. Na girma ina jin wannan, kuma har yau yana mini ciwo. Ashe yanzu ne ƙafarsa ta iya gudu in an busa.

Kin ce ba ki san iya inda za ki riƙe shi ba. Na gane inda kika dosa. In shirin a turo mana shi ne, gara in faɗa miki tun yanzu: gidana ƙarami ne, kuma Inna tana cikinsa. Ban isar mata da gaisuwarki ba.

Allah ya ba shi lafiya.

Uwaisu


Woolwich
9 ga Nuwamba, 1988

Yaya Uwaisu,

Salamu alaikum. Ina fatan gwiwar Inna da sauƙi. Ni dai ba zan ce muna lafiya ba.

Haba Yaya! Wa ya ce maka ina neman inda zan jefar da ubana? A wane layi na rubuta haka? Da na ji kai hedimasta ne, na ɗauka in an ba ka takarda abin da ke ciki kake karantawa. Na yi kuka da na gama karanta wasiƙarka, kuma kukan haushi ne. Maganar mahaifinka kuwa ban taɓa jin ta ba sai daga gare ka. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Talatar makon jiya Baba ya kuɓuce. Auntie Abibatu ta shiga banɗaki, jiniya ta tashi, kafin ta fito ƙofa a buɗe. Aka yi mini waya a ward, na baro aiki da uniform a jikina. Ka san kogin garin nan yana janyewa ya bar taɓo, baƙi, mai sanyi. Akwai wata matakala da ke sauka har ƙasa. A can aka gan shi, taɓo har gwiwa. Ya cika kwano, ya ɗora a ka, ya hau matakala ya juye, ya koma. Ya tara tudu guda a bakin hanya, kuma ruwa ya fara dawowa. Da 'yan sanda suka riƙe shi, sai ya fashe da kuka. Yaya, ko ranar da Umma ta rasu ban ga hawayen Baba ba. Yana ta faɗa musu da Hausa, "Ku sake ni, Mashud yana ƙasa. Ba a busa ta biyu ba. Wa ya ce ku tashi? Ba a busa ta biyu ba!"

Sanyi ya shiga ƙirjinsa, sai da aka yi admitting ɗinsa. Yanzu ya dawo gida. Amma wata mata daga council, wato ƙaramar hukumar unguwarmu, ta zo, ta zauna a kujerarsa tana murmushi, ta ce in ya sake fita haka za su ɗauke shi su kai shi gidan tsofaffi mai ƙofa a kulle. A can babu mai jin Hausa, babu mai sanin yana son ruwan alwala da ɗumi. Na san Baba, ba zai daɗe a wurin ba.

Na ce sai na ga abin da ke yi mana wannan aiki. Ran hutuna na bi unguwa ina ɗaga kai ina duba rufin gidaje, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko kyanwata ce ta ɓata. Ashe a hayin kogi take. Na hau jirgin fito na haye, na same ta a jikin wata masana'anta: lasifikoki masu launin toka an jera su a kan sandar ƙarfe. Mai gadi ya ce gwaji ne da doka ta sa su yi, ko da wani abu zai taɓa tashi a ciki. Na roƙe shi, ya ce ba ya hannunsa. Na ce to akwai busa ta biyu? Ya ce ɗaya suke yi su kashe.

Ba gida nake nema wa Baba ba. Abu ɗaya nake so ka gaya mini: mece ce ta biyun?

Murja


Barikin Tudu
6 ga Janairu, 1989

Ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Ina yi miki sannu da jinya. Na yi miki mummunar fahimta, ki yi haƙuri. Da fushi na karanta takardarki ta farko.

Na daɗe ban amsa ba don ni ma ban san amsar ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin wata busa ta biyu ba. Sai da hutun makaranta ya zo na nemi Baba Katung, wanda ya yi aikin lantarki a kamfanin, shi ke kula da jiniyar. Yana zaune wajen 'yarsa a Bukuru, idonsa ya yi rauni. Da na faɗa masa ko ni ɗan wane ne, sai ya kama hannuna ya ƙi saki.

Ga abin da ya ce. Ta biyun doguwa ce, miƙaƙƙiya, ba ta sama ba ta ƙasa. Sallama suke kiran ta. Ma'anarta an fito da kowa, mai rai da gawa, a ajiye kwano, a wanke jiki, a ci abinci. Kuma sai bayan ta ake fara ta'aziyya, don ba a yi wa mutum gaisuwar wanda ake kan nema. Ba dokar kamfani ba ce, leburori ne suka kafa wa kansu. In kuwa an haƙa an rasa mutum, babu mai ikon cewa a busa sai matarsa ko uwarsa. A kan mahaifina, an je wajen Inna har sau nawa, ta ce ba ta yarda ba, a ci gaba da nema. Katung ya ce hannunsa na kan makunnin, amma bai ja ba.

Mutane suka gaji, suka koma aiki, suka riƙa zuwa gaisuwa da ɗai-ɗai ba tare da busa ba. Baffa Lawal kaɗai ya rage a ramin. Yana haƙa da safe, yana haƙa da yamma, aka kore shi daga aiki bai fasa ba, har damina ta sauka ruwa ya cike wurin. Katung ya ce, "Lawal ba gudu ya yi ba, ɗana. Ruwa ne ya kore shi. Yaya zai je ya ce wa Damata Allah ya ji ƙansa, alhali ita ta ce a ci gaba?"

Murja, na fito daga gidan nan ban san hanyar tasha ba. Shekara talatin da ɗoriya ina zagin mutumin nan a zuciyata.

Na tayar wa Inna da maganar, ta juya fuskarta ga bango ta ce kanta na ciwo. Don haka na yi dabara. Wata sakandare a kusa da mu tana da jiniya ta tashin ɗalibai. Na roƙi shugabansu, aka busa mini ita doguwa, na ɗauka a rikoda. Ga kaset ɗin nan a ciki. In taku ta gama kuka, ki kunna masa.

Yayanki,
Uwaisu


Woolwich
8 ga Fabrairu, 1989

Yaya,

Salam. Na gode, Allah ya saka. Na karanta abin da Baba Katung ya ce har sau uku, sannan na je na zauna kusa da Baba.

Kaset bai yi ba. Na kunna, ya tsaya cak da kwano a hannu, har na fara hamdala. Ya karkata kai ya saurara, sai ya yi tsaki. Ya ce, "Wannan ta yara ce. Tamu tana tari kafin ta tashi." Sannan ya dube ni sosai, irin duban da ya daɗe bai yi mini ba, ya ce, "Damata ta ce a busa?" Na kasa yi masa ƙarya. Mutumin da bai san wace shekara muke ciki ba, amma ka ji.

Yanzu duk Talata ina gida, na yi swapping ɗin ranakun aiki da abokan aikina har sun fara ƙosawa da ni. Ina kulle ƙofa in zare makulli. Yana dukan ta da kwano, yana roƙo na da Allah da Annabi, yana ce mini ke wace irin baiwar Allah ce da za ki hana a ceci mutum. Jiya har hannunsa ya fashe. Maƙwabtan sama sun kai complain. Council sun sa zama a kan maganarsa a tsakiyar watan Mayu, kuma matar nan ta daina murmushi.

Ban san ko jiniyarku tana duniya ba. Ban kuma da bakin da zan roƙi Inna Damata, ita da aka bari da maraya a hannu. Na dai gaya maka halin da muke ciki.

Murja


Barikin Tudu
23 ga Afrilu, 1989

Murja,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Kada ki ga shiru ki ce na watsar. Yawo nake.

Da kamfani ya rufe, an yi gwanjon kayansa, babu wanda ya san inda jiniyar ta faɗa. Duk Asabar sai in ɗauki Baba Katung a bayan Vespa ɗina mu shiga ƙananan garuruwa muna tambaya. Ashe ƙasar nan cike take da tsofaffin jiniyoyi! Mun ga wata a rufin injin katako, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Mun ga wata a tsohuwar tashar jirgi, ta hannu ce, juya ta ake yi. A wani gari an kife wata a bayan kotu, awaki na kwana a gindinta. Ko'ina sai na hau na sauko masa da bayani, ko a kai masa hannu ya shafa. Ya ce tamu tana da fanka a ciki, kuma wata shekara aradu ta lanƙwasa mata fiffike ɗaya, shi ya miƙe shi da guduma. Tun daga nan in aka ja makunni sai ta yi tari sau biyu kafin ta kama. Ko wacce muka samu sai ya ce, "A'a, ba yarinyata ba ce." Tsohon nan akwai gardama, ga shi ba ya zama daidai a babur.

Makon jiya magariba ta riske mu a wani ɗan gari a hanyar Pankshin, taya ta yi faci. Muka zauna wajen mai shayi ina jiran a sha ruwa, Katung kuma, da ba azumin yake ba don Kirista ne, ya ce ba zai sha a gabana ba, ya riƙe kofinsa yana jira. Sai muka ji daga wajen masallaci: tari, tari, sannan ta tashi. Kofin ya suɓuce masa. Ya ce, "Ita ce. Wallahi ita ce," shi da ba ya rantsuwa irin tamu. Ashe jama'ar garin ne suka saye ta a wajen 'yan gwangwan, suna busa ta a sahur da buɗa-baki.

Saura Inna. Ban roƙe ta ba. Na zauna a bakin tabarmarta na karanta mata takardarki ta Nuwamba, wurin taɓon nan. Ta tashi zaune. Can ta ce, "Har yanzu Lawal haƙa yake?" Na ce har yanzu. Ta ce, "Na zaci kowa ya bari. Ni kaina na bari, faɗa ne ban faɗa ba." Ta share ido da gefen zane ta ce, "Nemo mota. Ba zan hau wannan abin naka ba."

Jiya muka je. Na yi wa liman bayani, ya ce bismilla. Ladan ya yi shela a gari cewa za a ji jiniya bayan azahar, kada kowa ya kai ruwa baki, ba ta shan ruwa ba ce. Mutane suka taru, har da tsofaffin leburorin kuza da ban san suna garin ba, wasu da sanda. Inna ta yi maganarta a rikoda, za ki ji. Katung ya kama hannuna ya ɗora a kan makunni, ya ce ni zan ja, kada in saki sai ya ce. Na ja. Murja, ban san fuskar mahaifina ba, babu ko hotonsa. Amma da jiniyar ta miƙe tana kuka sai na durƙusa, a haka na ƙarasa. Da busar ta ƙare, tsofaffin nan suka zo ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Inna ta'aziyya, ita kuma tana amsawa.

Ban yarda da gidan waya ba wannan karon. Wani ɗalibi, Wahabu, zai taso London jibi da kaset ɗin, da ya sauka zai jefa miki wannan takardar a gidan waya na can. Ya ce ki same shi ran Juma'a da rana a bakin tashar Charing Cross, zai sa hula ja.

Yayanki,
Uwaisu


Woolwich
30 ga Mayu, 1989

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Barka da salla, ko da ta wuce. Ina gaida Inna, ina gaida Baba Katung, Allah ya biya shi wahalar babur.

Na karɓi kaset a hannun Wahabu. Ban saurara ba, na ji tsoro, na ajiye shi cikin akwati har Talata. Auntie Abibatu ta zo ta zauna da carbinta. Jiniyar hayi ta tashi, Baba ya zabura, ya naɗe wando, ya ɗauko kwano. Na bar shi ya isa ƙofa. Da jiniyar ta mutu, sai na danna rikoda.

Muryar Inna ta fito, ƙasa-ƙasa. "Lawal, ni ce Damata. Na gode. Ka yi iyakar yinka. Na ce a busa, ka fito haka nan." Sai tari, tari, sannan doguwar busar.

Bai motsa ba har ta ƙare. Sannan ya sunkuya ya ajiye kwanon a ƙasa, a hankali, ya kife shi. Ya warware ƙafar wandonsa. Ya zauna a nan bakin ƙofa ya cire takalmi, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mashud ya tafi." Ya yi kuka mai isarsa, muka taya shi. Bayan nan ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu, ya tambaya ko akwai abinci. Auntie Abibatu ta ruga flat ɗinta ta kawo shinkafa da wake, ya cinye tas. Tana ta cewa, "Tsoho ya ci! Murja, duba, ya ci!"

Kada in ɓoye maka, bai warke ba. Da Talata ta zagayo ya manta komai, ya sake ɗaukar kwano. Na sake kunnawa, ya sake ajiyewa. Haka muke yi yanzu. Na yi copy uku na kaset ɗin, ɗaya yana wajen Auntie Abibatu. Matar council ta zo da kanta wata Talata ta tsaya a corridor ta gani. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma na ga tana neman hankici a jaka. A zaman da aka yi sun ce ya zauna a gida, za su sake dubawa nan gaba. Na koma aikina.

Akwai saƙo. Kowace Talata, in ya gama cin abinci, sai ya sa hularsa ya ce in raka shi gidan Damata, bai kyautu a ce har yanzu bai je ba. In ce masa da nisa, Baba, amma zan rubuta. Sai ya gyara zama ya faɗa mini abin da zan rubuta, kuma kullum maganar ɗaya ce. Yau ma ya faɗa, ga ta yadda ta fito daga bakinsa. Don Allah ka zauna kusa da Inna ka karanta mata, kada ka yi sauri.

"Damata, ni ne Lawal. Na zo gaisuwa. Allah ya ji ƙan Mashud, ya ba ki haƙuri. Yaron nan Uwaisu, Allah ya raya shi."

Ƙanwarka,
Murja